A dawo da tol get ko a bar mu da ramuka? Muhawara kan kuɗin gyaran hanya

Direban Tirela:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya nake so mu tattauna. Satin da ya wuce na ɗauko lodin masara daga Dawanau zan kai kudu, wajen ƙarfe uku na dare na faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe bakinsa, taya biyu suka tashi nan take sifirin ɗaya ya karye. Kwana biyu muka yi a daji ni da yaron mota muna jiran bakanike, ga tsoron ɓarayi ga mai kaya yana ta bugo waya. Da na zauna na lissafa abin da ramin nan ɗaya ya ci min, wallahi ya fi abin da zan biya a tol get na watanni. Da ina cikin masu zagin tol get, amma yanzu cewa nake a dawo da shi in dai kuɗin zai koma kan kwaltar da aka karɓe shi a kanta. Don ko yanzu ma biya muke yi, sai dai mai taya da bakanike muke ba wa. Me kuka gani?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ni gaskiya ban yarda ba. Sau nawa za mu biya abu ɗaya? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, aka ce kuɗin za a yi mana hanyoyi da asibitoci da makarantu. Muna biyan harajin shago, muna biyan na kaya, kowace dila ta atamfa da ta taso daga Legas sai an tsaya da ita shinge nawa kafin ta iso Kano. Yanzu kuma a ƙara kafa wani shingen da sunan tol get? Duk abin da kuka biya a can mu za ku ɗora wa a kuɗin lodi, mu kuma mu ɗora wa matar da ta zo sayen turmi ɗaya na sallah.

Baba Mai Fansho:
Yara ku bari in ba ku labarin abin da na gani da idona, don shekara talatin da wani abu na yi a ma'aikatar ayyuka kafin in ajiye. Tol get ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, mun rayu da shi a manyan hanyoyin tarayya. Obasanjo ne ya sa aka rushe su farkon 2004, hujjarsa ita ce abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba, mafi yawa yana zurarewa aljihun mutane, ga kuma cunkoso. Kuma gaskiya ya faɗa, mun san yadda ake buga rasit na bogi. To amma me ya ce zai maye gurbinsa? Harajin naira ɗaya da kwabo hamsin a kan kowace litar mai. Ƙungiyar ƙwadago a ƙarƙashin Oshiomhole ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta kai ruwa rana har kotu, harajin bai tsaya ba. Kun ga an rushe tsohon ɗaki ba a gina sabo ba. Tun daga nan hanya ta zama marainiya.

Kuma kafin duk wannan, a zamanin da muka fara aiki akwai sansanin leburorin hanya, kowane rukuni da iyakar milolin da aka ba shi. Da safe za ka gan su da baro da shebur da diga, suna yashe lambatu, suna sare ciyawar gefen titi, ƙaramin rami ya buɗe kafin sati an toshe shi. Ba wata babbar fasaha ba ce, mutum ne aka ce wannan yankin naka ne, in ya lalace kai za a tambaya.

Injiniya:
Baba ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Bari in ɗora a kan maganarka. Matsalarmu ta farko ba ginawa ba ce, kulawa ce. Babban maƙiyin kwalta ruwa ne. Tsaga kamar zare ce take fara bayyana, in aka liƙe ta a lokacin kuɗin kaɗan ne, in aka bar ta damina ɗaya ruwa ya shiga ƙarƙashi ya jiƙa marmarar da aka daɓe, manyan motoci su bi ta kai, shikenan ramin da Alhaji ya faɗa ke nan. Bayan shekara uku ba maganar faci ake ba, sai an kankare an sake sabuwa da biliyoyi. Amma liƙe tsaga da yashe kwalbati ba a kiran 'yan jarida a yanka kirtani a kansu, shi ya sa ba ɗan siyasar da ke rububinsu.

Na biyu, hanyar ta wace ce? Hanyoyin ƙasar nan kusan kilomita 200,000 ne, na tarayya kamar 35,000 ne kacal duk da su ne ke ɗauke da yawancin manyan motoci, jihohi suna da nasu, kaso mafi girma kuwa na ƙananan hukumomi ne, wato waɗanda suka fi kowa rashin kuɗi a hannu. An kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaran na tarayya. A 2007 aka yi wa dokarta kwaskwarima aka sa kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da dizal ya zama na gyaran hanya, kashi 40 na abin da aka tara ya je FERMA, 60 ya je hukumomin gyaran hanya na jihohi. Dokar ta tsaya a takarda, ba a taɓa aiki da ita yadda aka rubuta ba, hukumar ta zauna tana jiran abin da kasafin kuɗi ya yago mata, shi ma sau da yawa sai damina ta gama ɓarna ake sakinsa.

Ɗan Kwari:
To Injiniya ai ka ba ni hujja da bakinka. Dokar da ke akwai ba a bi ta ba, me zai sa in yarda ta tol get za a bi?

Injiniya:
Ban ce ka yarda ba ɗan'uwa, cewa nake mu san inda gizo ke saƙar. Kuma Alhaji Direba ka yi haƙuri akwai naku laifin a ciki. Wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan aksil ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, sau biyu, ɓarnar da yake wa titi ba ninki biyu ba ce, wajen ninki 16 ce. Ma'ana tirela ɗaya mai obalodi tana cin hanya fiye da dubban ƙananan motoci. Ƙa'idar ƙasashen yammacin Afirka tan 11.5 ce a kan aksil ɗaya, yau ina sikelin da ke auna ku?

Direban Tirela:
Ba zan musa ba Injiniya, ana yin obalodi kuma ni ma na yi. Amma ka tambayi dalili. Motar ba tawa ba ce, mai mota yana lissafin dizal da taya da abin da za a raba a shingaye, mai kaya kuma yana so buhu 900 su shiga inda ya kamata a sa 600 don kuɗin lodi ya sauka masa. In na ce ba zan ɗauka ba akwai direba goma a gareji da za su ɗauka kafin in rufe baki. A kafa sikeli a kan kowa ba sani ba sabo, daga bakin masana'anta da tashar jirgin ruwa da kasuwa inda ake lodin, wallahi mu za mu fi kowa murna don mu ne ke mutuwa in birki ya tsinke a gangara. Kuma siminti da mai da ƙarfe ai kayan jirgin ƙasa ne da bututu, da suna aiki da rabinmu ba ma kan titi.

Hajiya Mai Hatsi:
Ni duk maganar da kuke ta manyan hanyoyi ce. Ku zo ku ga hanyar garinmu, burji ce kilomita goma sha biyu daga bakin kwalta, akwai kwalbati ɗaya a tsakiya da ruwa ya cinye shekara uku ke nan. Da damina mota ba ta shiga, sai a ɗora buhu a babur ɗaya ɗaya ko amalanke, kafin wake ya fito titi an ƙara masa kuɗi mai yawa kuma manomin ne ke asara don ni sai na cire kuɗin dako kafin in yi masa farashi. Bara wata yarinya maƙociyar ƙanwata naƙuda ta zo mata da gardama da daddare, a kan gadon kara maza huɗu suka ɗauke ta suka tsallaka ruwan, Allah ya taimaka ta rayu amma jaririn bai zo da rai ba. Mun je ƙaramar hukuma an ce kuɗi yana jiha, mun aika jiha an ce hanyar ta ƙaramar hukuma ce. Wa zai sa tol get a hanyar da mota biyar ke bi a rana? To mu ina namu tsarin?

Baba Mai Fansho:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba su haƙuri Hajiya, ya sa mai ceto ne. Tambayarki ita ce tambaya. Babangida ya kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986 don irin hanyoyinku, an fasa burji da yawa a karkara, amma da aka gama ba a bar wa kowa ko gireda ɗaya da kuɗin manta ba, damina biyu uku suka koma daji. Hukumar asusun rarar kuɗin mai ta PTF da Abacha ya kafa Buhari ya shugabanta ta gyara hanyoyi da yawa kowa ya gani, saboda kuɗinta daga ƙarin farashin mai yake zuwa kai tsaye ba ya bi ta ma'aikata, amma da yake ba ta da gindin zama gwamnati na canzawa a 1999 aka rufe ta. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa ba, in da za a bi shi sosai da ciyaman ba shi da bakin ce miki kuɗi yana jiha.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba ni dama in sa baki. Mu nan Nijar peyaj, wato tol get, bai taɓa tashi ba, in ka fita Maradi za ka Damagaram ko Ƙonni sai ka yanki tikiti a bakin gari, kuma akwai asusu na musamman na gyaran hanya, da CAFER ake ce mishi yanzu ya koma FER. Ba na ce hanyoyinmu duka lafiya lau suke ba, amma babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ana taɓa ta lokaci lokaci. Sai dai ku dubi hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit wadda anka gina saboda yuraniyom, da ita ce abin alfaharinmu, anka bar ta manyan motoci sunka murƙushe ta har direbobi na sauka su bi rairayi gefe don ya fi kwaltar daɗi. Arzikin da anka fitar ta kanta ba kaɗan ba ne. Don haka biyan kuɗi kawai bai isa ba in ba a sa ido.

Na Zongon Kumasi:
Mu a Gana mun gwada duka biyun kwanan nan. A Nuwamba 2021 gwamnati ta soke karɓar kuɗin hanya dare ɗaya, aka ce harajin tura kuɗi ta waya zai maye gurbinsa. Mutane sun yi murna ranar farko. Masu aiki a rumfunan, da yawansu naƙasassu ne, suka rasa aiki, mata masu tallar burodi da ruwa a wurin kasuwarsu ta mutu, harajin wayar bai kawo abin da aka zata ba, a 2025 aka soke shi, ga gwamnati ta dawo tana maganar maido da kuɗin hanyar ta na'ura. Hanyar Akra zuwa Tema da Nkrumah ya yi da kankare a 1965 ta yi shekara sama da hamsin tana ɗaukar kaya, amma ita ma da aka ƙi kula da ita sai da ta zama faci a kan faci.

Ustaz:
Ni tambaya gare ni ga masana. Ina ganin allunan Sukuk a hanyar Kano zuwa Maiduguri, an ce kuɗin Musulunci ne babu riba a ciki. Shin wannan ba zai wadatar ba a huta da maganar tol get da haraji? Kuma da gaske halas ɗin ne ko suna aka canza?

Mai Nazarin Kasafi:
Allah ya gafarta Malam, hukuncin halas da haram naku ne, ni dai zan faɗi yadda yake aiki. Na farko an fitar da shi a Satumba 2017, naira biliyan 100, na shekara bakwai, aka raba wa hanyoyi 25, kowace shiyya cikin shida ta samu biliyan 16.67. Tsarin ijara ne, wato masu zuba kuɗi su ne suka mallaki amfanin hanyar, gwamnati tana biyan su haya duk wata shida, in wa'adi ya cika ta mayar musu da uwar kuɗinsu, kuma akwai kwamitin malamai a Babban Banki da ke duba shi kafin a fitar. Alherinsa a wurina ɗaya ne kuma babba ne: kuɗin ba ya shiga babbar tukunya, an rubuta sunan hanyar, sai ɗan kwangila ya yi aiki an auna sannan a biya shi. Shi ya sa hanyar Kano zuwa Maiduguri da aka ba da kwangilarta tun 2006 tana tafiyar hawainiya ta ɗan motsa.

Amma Malam bashi ne, hayar nan da uwar kuɗin daga harajinmu za a biya. Kuma na gini ne, ba ya yashe lambatu bayan an tafi. Haka ma tsarin da Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, kamfani ya gina hanya a cire masa daga harajin da zai biya. Da irin wannan tsarin Dangote ya yi Obajana zuwa Kabba da kankare, NNPC ta ɗauki hanyoyi 21 a kan biliyan 621 a 2021, BUA ta ɗauki Kano zuwa Kongolam ta Kazaure da Daura. Aiki yana sauri, amma ku lura kamfani hanyar da motocinsa ke bi zai zaɓa, kuma harajin da aka yafe na tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ne gaba ɗaya, har da kason ƙaramar hukumar Hajiya da ba wanda ya tambaye ta.

Ɗan Kwari:
Yawwa. Kuma ku dubi Abuja zuwa Kano, kilomita 375, an ba Julius Berger a ƙarshen 2017 a kan biliyan 155, a 2021 kuɗin ya koma biliyan 797, ɓangaren Kaduna zuwa Kano ya samu amma na Abuja zuwa Kaduna sai da aka kai ga soke kwangilar a ƙarshen 2024 aka ba wani. Ba a gama wannan ba an buɗe Legas zuwa Kalaba da Sakkwato zuwa Badagry. Wannan ba rashin kuɗi ba ne, rashin tsari ne. Legas zuwa Ibadan an ba ɗan kasuwa a 2009 ya gina ya karɓi kuɗi, 2012 aka ƙwace ba a yi komai ba. Na hanyar Lekki ma jihar Legas ce ta dawo ta saye kamfanin da ke karɓar kuɗin.

Mai Nazarin Kasafi:
Duk haka ne, sai dai a yi adalci, ƙarin na 2021 ya haɗa da canza aikin daga gyara zuwa sake ginin hanyar gaba ɗaya. Ni matsayina: tol get a kan tagwayen hanyoyi masu yawan motoci kawai, bayan an gama su ba kafin ba, biya ta kati ko waya ba tsabar kuɗi, a riƙa buga abin da aka tara duk wata. Irin hanyar Hajiya kuma ba abin da zai riƙe ta sai wani kaso tsayayye daga kuɗin mai, don ko mai babur yana shan mai. Kuma ya zama kashi cikin ɗari ba adadi ba, Amurka ta tsayar da nata a santi 18.4 kan galan tun 1993, tsadar kaya ta cinye shi, tun 2008 suke ɗebowa daga babban asusu suna cikawa. A kwamitin asusun a sa direbobi da manoma da 'yan kasuwa, ba ma'aikatan gwamnati zalla ba.

Ɗan Kwari:
Ƙarin ko kwabo a kan mai a halin da ake ciki ban goyi baya ba, a cire daga abin da aka riga aka samu na tallafi. Maganar kati da buga lissafi duk wata kuwa na yarda da ita, in na gani a ƙasa.

Direban Tirela:
Ai an riga an fara a hanyar Keffi, Akwanga, Lafiya zuwa Makurdi tun Fabrairun 2025, an fara da ƙaramar mota naira 500, irin tamu 1,600 a kowace ƙofa, an ce da shi za a biya bashin bankin Sin da aka yi aikin da shi. Na bi sau huɗu, kuma gaskiya tafiyar da nake yi da fargaba yanzu cikin kwanciyar hankali nake yin ta. Abin da nake jira in gani shi ne ramin farko da zai buɗe, kwana nawa zai yi kafin a toshe shi. Wata mai zuwa ina da lodin doya daga Binuwai, zan duba in kawo muku labari da hoto insha Allah.

Hajiya Mai Hatsi:
Mu dai mun gaji da jira, ƙungiyar 'yan hatsi da matasan gari sun ce za a yi karo-karo a yi aikin gayya kafin ruwa ya sauka, mai gari ya ba da yashi da dutse. Injiniya don Allah ka taimaka mana, zoben kwalbati guda nawa za mu saya, kar mu zuba kuɗin marayu ruwa ya sake tafiya da shi.

Injiniya:
Hajiya kar ku sayi komai tukuna. Ki sa yaro ya ɗauko min hoton wurin ta gaba da ta baya, ya auna faɗin rafin da igiya, kuma a tambayi dattawan gari iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa, a sa alama a jikin bishiya. Yawanci abin da ke kashe irin wannan kwalbatin ba zoben ba ne, rashin bangon kankare ne a baki da baki da kuma dutsen da ake shimfiɗawa inda ruwan ke faɗowa, sai ya yi ta rarake ƙarƙashi. In rafin ya fi mita uku zobe ba zai yi ba sai mai kusurwa huɗu da rodi. Kuma ku kai wa ƙaramar hukuma takarda a rubuce a buga muku hatimi a kan kwafinku kafin ku fara, don kar gobe a ce kun taɓa hanyar gwamnati ba izini. Ranar Asabar ba ni da aiki, in an turo hotunan zan zana muku lissafin siminti da rodi kyauta.

Hajiya Mai Hatsi:
Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Gobe kasuwarmu ke ci, zan tura yaron da sassafe.